Me ya sa jirgin kwamfuta ke tuntuɓe a sararin sama?

A wannan mako filinmu zai taɓa wata magana wadda wasu za su ce ta yara ce, alhali kuwa kuɗin da take ci daga aljihun manya suke fitowa. Maganar ita ce ta wasan tuƙin jirgin sama a kwamfuta, wanda kamfanin Microsoft ke sayarwa da sunan Flight Simulator, da kuma ciwon da ya fi damun masu yin sa: jirgi yana tafiya lafiya lau, sai hoto ya tsaya cik na ƙiftawar ido, sa'an nan ya yi tsalle ya ci gaba. In an zo sauka abin sai ya ƙaru. Daga nan sai yaro ya ce: «Baba, na'urar ce ta tsufa, sai an sayo sabon katin hoto.» Katin nan kuwa, wanda masu gyara ke ce wa kart girafik, mai kyansa yana iya lashe albashin ma'aikaci na wata da watanni. To, kafin Alhaji ya buɗe jaka, ko Malam ya nufi banki neman bashi, ya kamata a duba wasu ƴan saituna waɗanda ba su cin ko dala.

Wasan dai ba sabo ba ne. Wani injiniya Ba'amurke, Bruce Artwick, shi ya fara rubuta shi a ƙarshen shekarun 1970, Microsoft kuma ta fitar da nata na farko a watan Nuwamba na 1982. A wancan zamani duniyar wasan duka cikin disket take shiga, ƙasa kuwa ba kome ba ce sai zane-zanen layuka, jirgi yana tashi daga wani ƙaramin fili a bakin tafki a birnin Shikago. Al'amarin ya sake kama ran 18 ga Agusta 2020, ranar da aka fitar da salon da kamfanin Asobo na birnin Bordo, a Faransa, ya ƙera. Wannan karo duniya ɗungurungum aka zuba a ciki, da hotunan tauraron ɗan Adam na taswirar Bing, da filayen jirgi wajen dubu 37, har da namu na Diori Hamani a Yamai da Mano Dayak a Agadas. Bayanan sun haura petabait 2, wato giga miliyan 2. In faifan tera guda za a cika, sai an jera dubu 2. Tun da babu kwamfutar gida da za ta ɗauki wannan kaya, abin da ake sa wa mutum a na'urarsa wajen giga 150 ne, sauran kuwa ta intanet yake zuwa sa'ad da jirgi ke tafiya.

Ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane inda gizo ke saƙar. Kayansa suna wuri huɗu. Akwai waɗanda ke tashar ruwa a Lome, akwai na mangaza, akwai na kantocin shago, akwai kuma waɗanda ke kan tebur gaban yaron shago. Manyan injunan Microsoft da ke ƙetare su ne tashar ruwa. Faifan kwamfuta shi ne mangaza. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira ram, ita ce kanta, ƙwaƙwalwar katin hoto kuwa ita ce tebur. Bambancin kawai shi ne mai sayayya a nan ba ya da haƙuri ko kaɗan: sau 30 yake zuwa a cikin sakan guda, kowane zuwa yana son cikakken hoto. Ke nan na'ura tana da kashi 33 cikin dubu na sakan ta haɗa kowane hoto. In 60 ake so, lokacin ya koma ƙasa da kashi 17. Ranar da aka nemi abu a tebur babu, a kanta babu, sai an aika mangaza, ko ma a jira mota daga bakin teku, to hoton nan guda zai ɗauki kashi 200 maimakon 33, ido kuwa nan take ya gani. Wannan shi ne tuntuɓen. Dalili ke nan da ya sa lissafin hotuna nawa a sakan yake yaudara: na'ura tana iya nuna 60, amma tafiya ta fi ta mai 30 gargada.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne ajiye kaya kusa da hannu, abin da suke kira kash. Kalmar asalinta faransanci ce, daga aikatau mai ma'anar ɓoyewa. Mafarautan Kanada masu jin faransanci haka suke kiran ramin da suke binne guzuri don su tarar da shi a komowa. Mutanen IBM suka ara ta a 1968 suka laƙaba wa wata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai sauri a cikin injinsu. Mu a nan sai mu ce rumbun kusa. A cikin wasan nan rumbunan da suka shafe mu uku ne, kuma kowane da irin nasa aiki, shi ya sa shawarar da aka bayar don ɗaya take iya zama ɓarna in an ɗora ta kan wani.

Na farko, wanda ya fi muhimmanci gare mu, shi ne rumbu mai juyawa, rolin kash a bakin masu wasan. Wani ƙaton fishiye ne a kan faifai, sunansa ROLLINGCACHE.CCC, wanda duk ƙasar da jirgi ya bi ta kanta ake zuba hotunanta a ciki. In ya cika, sabo ya shigo, mafi tsufa ya fita. A salon 2020 giga 8 aka ba shi tun daga kamfani, kuma a shafin saituna, sashen bayanai, mutum yana iya ƙara shi, ko ya sake masa wuri, ko ya goge shi, ko ya kashe shi ɗungum. Amfaninsa a fili yake. Wanda ya tashi da ƙaramin jirgi Cessna daga Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar wajen awa guda, ran farko kowane dutse da kowace gona sai an jawo su daga ƙetare. In gobe ya sake bin hanyar, daga mangaza za a ɗauko: hoto ya zo da wuri, forfe kuma bai taɓu ba sai kaɗan.

To a nan ne nake son masu karatu su yi hattara da shawarar ƴan Turai da Amurka. Da yawansu suna cewa a kashe rumbun nan, wai ba ya ƙara kome sai matsala. A wurinsu maganar tana da kan gado, domin mai layin fibar da ke ba da ɗaruruwan megabit, ba tare da ana ƙirga masa giga ba, tashar ruwa a bayan shagonsa take. Mu kuwa bari mu yi lissafi. Microsoft da kanta ta ce wasan 2020 yana son aƙalla megabit 5 a sakan, ya fi son 20, in da hali 50. Layi mai megabit 5 bai wuce mega 0,6 a sakan yake kawowa ba, sa'ad da faifan SSD na talakawa ke karanta mega 500 da ɗoriya, na NVMe kuwa dubbai. Giga 8 ɗin nan, a kan irin wannan layi, awa uku da rabi ake yi kafin su iso, in ma rezo bai yanke ba. Wanda ya kashe rumbu a irin wannan hali ya yi daidai da ɗan kasuwar da ya rufe mangazarsa ya ce kullum safiya zai aika Lome a kawo masa katan guda na sabulu. A ganina, mai bin hanyoyi biyu ko uku da ya saba da su ya ba rumbun giga 16 zuwa 32, ya sa shi a kan faifan da ya fi sauri a na'urar. Fiye da haka ba na ganin riba, sai cin wuri. Kada kuma a sa shi a kan kile ta USB ko tsohon faifai mai juyawa, don a nan zuwa mangazar kansa zai zama tafiya.

Haka nan maganar gogewa. Akwai masu goge rumbu kowace Juma'a kamar masu sharar tsakar gida. Abin da ke ciki kuɗi ne aka saya, giga bayan giga. Lokaci biyu ne na yarda a goge. Ɗaya, in kamfani ya sabunta wasan ko taswirar yankin da mutum ke tashi, don tsofaffin hotuna suna iya cin karo da sababbi, a ga gini a tsakiyar titin jirgi ko rami inda babu rami. Na biyu ya fi shafarmu: in wuta ta ɗauke na'ura tana cikin rubutu, fishiyen yana iya lalacewa, alamarsa kuwa wasan ya riƙa mutuwa a wuri guda duk sanda aka iso shi. A nan gogewa magani ce, ƙaramin ondilar kuma riga-kafi.

A wannan shafin dai akwai wasu maɓallai da mai ƙirga giga ya kamata ya sani. Ana iya sa wa wasan iyakar abin da zai ci a wata, ya kuma yi gargaɗi kafin a kai. Ana iya kashe biranen da aka sassaƙa daga hotunan jirgin sama gida-gida, waɗanda su ne suka fi kome cin layi. Mafi yawansu a Amurka da Turai suke, saboda haka mai yawo tsakanin Tawa da Agadas bai yi asarar kome ba in ya kashe su. Gidajenmu dama wani inji ne na kamfanin Blackshark na ƙasar Ostiriya yake kintata su daga hoton sama, shi ya sa mutum zai ga unguwar da ya sani ta gidajen laka an yi mata rufin da bai taɓa gani ba. Salon 2020 yana da kuma rumbun hannu, inda mutum ke zana yanki a taswira ya sauke shi gaba ɗaya, kuma wannan ba ya fita sai an cire shi. Dabara ce mai kyau ga wanda ke samun layi mai ƙarfi lokaci-lokaci, amma a tsaya ga kewayen fili ɗaya ko biyu, don masu wasan da yawa sun koka cewa in ya yi girma shafin kansa nauyi yake yi.

Rumbu na biyu ba na ƙasa ba ne, na fassara ne. Hasken rana a kan fiffike, inuwar gajimare, ƙyallin ruwan kogi, kowane da ɗan ƙaramin umarnin da ke gaya wa kati yadda zai zana shi, ana ce musu sheda. Umarnan nan suna zuwa cikin harshe na gama-gari, kuma dole a fassara su zuwa harshen ainihin katin da ke cikin na'urar. Duk ma'aikacin da ya taɓa jiran a juya masa takarda daga ingilishi zuwa faransanci ya san cewa karo na farko ne ke cin lokaci. Sakatare mai hankali yana ajiye kwafi a aljihun tebur. Haka na'ura take yi. In aka sabunta manhajar da ke tafiyar da katin (abin dariya, Faransawa ita ma «pilote» suke ce mata, sai ka rasa wane matuƙi ake nufi), tsofaffin fassarori sun tashi aiki, sai an sake. Saboda haka tashi na farko da na biyu bayan sabuntawa dole su yi gargada, kuma ba laifin kowa ba ne. Kuskuren da ake yi shi ne a firgita a je a share rumbun, a koma gidan jiya. Mai sharar faifai na Windows yana da layin wannan rumbu a cikin jerinsa, haka ma manhajojin nan masu alkawarin tsabtace kwamfuta. Wanda ke danna su kullum, shi da kansa yake kona aljihun sakatare. Masu katin NVIDIA, tun ƙarshen 2021, suna iya zaɓar girman rumbun a allon saitunan katin. In yara suna buga ƙwallo da tseren mota a kan na'urar nan guda, fassarorin wasanninsu suna ture na jirgi, to a ɗaga shi zuwa giga 10 a huta.

Na uku yana da ɗan tarihi. Ran 27 ga Yuli 2021 wasan ya fito a kan akwatin Xbox, kuma sabuntawar da ta zo tare da shi ta rage cin ƙwaƙwalwa ta hanyar zubar da duk abin da ba ya gaban idon matuƙi. Sauri ya ƙaru, amma da mutum ya waiwaya sai ya ga itatuwa da gidaje suna tsirowa a gabansa kamar an yi ruwan farko. Ƙorafi ya yi yawa, sai a watan Satumba na wannan shekara aka ƙara wani saiti mai mataki huɗu, wanda ke cewa ƙasa nawa za a riƙe a shirye a gefe da baya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai koyo da gaske, domin mai zagayen fili kafin sauka kullum yana duban hagu ya ga inda titi yake, kuma tsayuwar hoto a daidai lokacin ita ke sa a karkace. Cikin samarinmu akwai masu wannan wasa da burin aikin jiragen sama, ko tuƙi ko hasumiya, a ƙasar da makarantar EAMAC ta ASECNA ke horar da masu kula da zirga-zirgar sama da masana yanayi na Afirka tun 1963. Wasa ba ya ba da diploma, amma yana koya wa ido karanta agogunan jirgi da taswira, kuma wannan ba abin rainawa ba ne.

Sai dai matakin ƙoli ba kyauta ba ne. Duk abin da aka riƙe a shirye, a kan kanta da tebur yake zaune. In teburin katin giga 4 ne ko 6, ya cika, kaya su zube zuwa ram, to tuntuɓen da zai biyo baya ya fi wanda ake gudu muni. Mai ram giga 16 da ƙaramin kati ya tsaya a mataki na biyu ko na uku, ya kuma sauke kyan fatar abubuwa da mataki ɗaya. A kan allon gida da wuya ido ya ga bambanci.

Yadda za a gane mai laifi kuwa ba ya buƙatar boka. A zaɓi tafiya guda, jirgi guda, yanayi guda, a canja saiti ɗaya tak, a yi tafiyar sau biyu, a yi hukunci da ta biyun, tun da ta farko cika rumbu take yi. Wasan yana da wani ma'auni a ɓangaren masu ƙira wanda ke faɗa ƙarara ko katin hoto ne ya gaza ko kuwa furosesa. Kusa da manyan filaye sau da yawa furosesa ce, kuma in ita ce, ko katin miliyan aka sa ba abin da zai canja. Abin yi shi ne a rage nisan da ake zana ƙasa dalla-dalla, daga 200 zuwa 100, a rage jiragen da ke kai da komo a fili, a kuma ɗaure hotuna a 30 cikin sakan, don tafiyar raƙumi mai daidaito ta fi sukuwar da ake yi ana birki. In kuwa minti goma sha biyar na farko lafiya, sa'an nan gargada ta fara ko'ina, to ba rumbu ba ne, zafi ne. Na'ura in ta doshi digiri 90 zuwa 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma wanda ya san watan Afrilu a Tawa, da ƙurar da hunturu ya bari a cikin fanka, ya san ba a daɗe ake kaiwa can ba. A buɗe a hure. In har sai an kashe kuɗi, a fara da faifan SSD ga wanda ba ya da shi, sa'an nan ram daga giga 8 zuwa 16. Duka biyun a haɗe ba su kai kuɗin kati mai kyau ba.

Saura maganar sabon salo, na 2024, wanda yara za su zo da ita in ba su riga sun zo ba. An fitar da shi ran 19 ga Nuwamba 2024, da alkawarin cewa ba zai ci wuri ba: giga 50 aka nema a faifai maimakon 150. Asirin shi ne an mayar da ƙarin kaya tashar ruwa, har jiragen kansu da filayen ta layi suke zuwa, rumbu mai juyawa kuma aka ɗaga shi zuwa giga 16. Ranar fitowar, dubban mutanen da suka biya kuɗinsu suka kwana suna kallon allo ya tsaya a kashi 97 cikin 100. Shugaban aikin, Jörg Neumann, ya fito ya ba da haƙuri, shugaban Asobo, Sebastian Wloch, ya bayyana cewa sun gwada injunan da kwatankwacin mutum dubu 200, amma da jama'a suka taso wani rumbun kusa na can wajensu ne ya cika ya toshe. An gyara wannan daga baya. Abin da ba a gyara ba, don da gangan aka yi shi, shi ne cewa wanda ya sayi wasan bai riƙe shi a hannu ba, kullum sai ya biya kuɗin hanya kafin ya taɓa abin da ya saya, kuma kuɗin hanyar nan ya fi nauyi a kan wanda ke nesa da tasha.

Sabon salon yana son aƙalla megabit 10 da ram giga 16, ya fi son megabit 50 da giga 32. Layin da ke zubo megabit 50 cike yana iya kawo giga 22 da rabi a awa guda. Wasan ba ya jan haka kowane lokaci, amma a kan ƙasar da ba a taɓa bi ba, ko jirgin da ba a taɓa hawa ba, yana ja sosai, kowa kuma ya san nawa yake sayen giga a garinsu. Wanda yake da na 2020 a kan faifansa, da rumbun da ya riga ya cika da hanyar Yamai zuwa Damagaram, ni ban ga abin da zai sa ya yi gaggawar barinsa ba.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.